Yadda ake haɗa tiransmitar Pt100 a saita ta har karatun zafi ya zama na gaskiya

Sensar Pt100 ɗan guntun filatinam ne, ko siririyar waya da aka naɗe ko kuma ɗan shafe a kan tangaram, an cusa shi cikin bututun ƙarfe. Turjiyarsa ga wutar lantarki tana ƙaruwa idan ya yi zafi. A digiri 0 na ma'aunin Selsiyos turjiyar om 100 ce cif, a digiri 100 kuma om 138.51. Ke nan kowane digiri ɗaya bai fi kusan om 0.385 ba. Ka riƙe wannan ɗan adadin da kyau, domin kusan duk wahalar aikin daga ƙanƙantarsa take fitowa. Sukurun da bai ɗauru ba, ko tsatsa a bakin waya, ya isa ya ƙara rabin om, kuma rabin om ya fi digiri ɗaya.

Aikin tiransmita shi ne ta karanta wannan turjiya a kusa da sensa, ta mayar da ita karan, wato gudanar wutar lantarki, na miliam 4 zuwa 20, wanda zai iya tafiya mita ɗaruruwa zuwa ɗakin kula ba tare da tsawon waya ya canza shi ba. Misalin da za mu bi shi ne tankin jiƙa samfarera a masana'antar gumin shinkafa, inda ake riƙe ruwan tsakanin digiri 60 da 70. Za mu saita miliam 4 a digiri 0, miliam 20 a digiri 100. Abin da za a faɗa ya hau kan tukunyar tururi, ɗakin sanyi da injin ƙyanƙyasa, iyaka kawai za a sauya.

Jerin aikin shi ne sensa, sai waya, sai zagayen wuta, sai saiti, sai gwaji. Gyaran ziro da sifan, wato daidaita ƙasa da saman karatun tiransmita, shi ne na ƙarshe, kuma sau da yawa ba a ma kai gare shi.

Fara da sensar kanta

Kafin ka taɓa komai a injin da ke aiki, ka sanar da mai kula, a mayar da bawul ɗin tururi kan sarrafawar hannu. In ba haka ba, da ka zare waya ɗaya kwantirola zai ɗauka zafi ya canza, ya buɗe ko ya rufe abin da ba ka nufa ba.

Zare wayoyin sensa daga tiransmita, ka sa mitarka ta awon lantarki a kan om. A ƙa'idar IEC 60751, wadda ita ce ta ƙasa da ƙasa ga irin waɗannan sensoci, sensa mai waya uku tana da ja biyu da fara ɗaya, mai huɗu kuma ja biyu da farare biyu. Ba kowane kamfani ke bin wannan launi ba, don haka mita ce shaida. Wayoyi biyu da suke haɗe a gefe ɗaya na sensa za su nuna kusan sifili, ko om ɗaya zuwa biyu idan suna da tsawo. Daga ja zuwa fara kuwa, a ɗaki mai zafin digiri 30 za ka ga kusan om 111.7, a digiri 40 kusan 115.5. Ka dumtse bakin sensar a hannunka ko ka tsoma ta a ruwan ɗumi, ka ga adadin yana hawa a hankali.

Idan ka ga sama da om 1,000, Pt1000 ce a hannunka. Idan ka ga 'yan om kaɗan tsakanin wayoyi biyu masu launi daban, wataƙila tamokoful ce, wato wani irin sensar zafi, kuma wannan wani aiki ne daban. Sannan ka auna tsakanin kowace waya da jikin bututun. Bai kamata mita ta ga hanya ba ko kaɗan. Ƙa'idar ta nemi aƙalla megom 100 a zafin ɗaki, a gwajin bolt 100. Sensar da ruwa ya shiga tana karanta ƙasa da gaskiya, saboda laima tana buɗe wa karan wata hanya ta gefe. Kada ka yi wannan gwaji da tiransmita a haɗe.

Duba rubutun jikin sensar ko takardarta don abu biyu. Na farko lanƙwasarta: yawancin na kasuwa 385 ne, wato alfa 0.00385, adadin da ke nuna yadda turjiya ke hawa a kowane digiri, amma akwai masu 0.00392 da ake samu a tsofaffin injina daga Amurka, da 0.003916 na tsohon tsarin Japan. Idan sensa 385 ce ka gaya wa tiransmita 392, a digiri 100 za ta rage maka kusan digiri biyu, kuma ba za ka ga alamar matsala a kusa da sifili ba. Na biyu ajinta. Aji B an yarda ta kauce da digiri 0.3 haɗe da 0.005 na kowane digiri, aji A kuma 0.15 haɗe da 0.002. A digiri 65 na tankinmu, aji B na iya kaucewa da kusan 0.6, aji A da kusan 0.3. Ga jiƙa shinkafa B ta wadatar. Ga ƙwai a injin ƙyanƙyasa, inda rabin digiri ke da tasiri, ni ba zan sa ƙasa da A ba.

Waya biyu, uku ko huɗu

Nan ne ya kamata a daɗe. Tiransmita ba ta san inda waya ta ƙare sensa ta fara ba. Da waya biyu, tana auna su gaba ɗaya, kamar mai awon hatsi da ya ɗora kaya a sikeli bai cire nauyin buhu ba. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 0.5 na murabba'in milimita tana da kusan om 0.034 a kowace mita. Idan tazarar mita 50 ce, zuwa da dawowa mita 100 ke nan, om 3.4. Raba da 0.385, ka samu kusan digiri 9 na ƙarya. Allo zai nuna 65 alhali ruwan yana 56, kuma shinkafa za ta fito ba ta jiƙu yadda ake so ba.

Wasu sukan ce ai sai a rage digiri 9 ɗin a saiti. Akwai tiransmitoci masu gurbin shigar da turjiyar waya, kuma ya fi babu. Amma jan ƙarfe ma turjiyarsa tana hawa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri. Wayar da ta bi ta ƙarƙashin kwano, tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin bazara za ta iya bambanta da fiye da digiri 20, kuma wannan kaɗai zai motsa karatunka da kusan digiri 0.7. Abin da ka rage da safe ba shi ne daidai da rana ba.

Da waya uku, tiransmita tana auna turjiyar waya ta hanyar jajayen nan biyu, ta cire ta daga jimla. Sharaɗin shi ne wayoyin uku su zama iri ɗaya, tsawo ɗaya, kauri ɗaya, domin tana ɗauka cewa farar daidai take da jar. Idan aka yi ƙari a hanya da wata waya daban, ko taminal ɗaya ya yi tsatsa, bambancin zai shiga karatu kai tsaye. Da waya huɗu, biyu suna kai karan, biyu suna auna boltejin da ke kan sensar kanta, kuma tunda kusan babu karan a cikin masu awon, turjiyarsu ba ta da tasiri. Ita ce mafi inganci, kuma idan sensa ta zo da huɗu, tiransmita kuma tana karɓa, babu dalilin naɗe ɗaya a bar ta.

Akwai wata dabara da ake yawan gani a fanel: sensa mai waya biyu, an saita tiransmita a kan uku, sai a sa ɗan guntun waya a haɗa taminal biyu a jikin tiransmitar. Ƙararrawar za ta yi shiru, karatu zai fito, amma ba a cire komai ba, domin tiransmita ta auna ɗan guntun ne kawai. In dole ne a yi amfani da sensa mai waya biyu, a ja kebul mai uku har kan sensar, a yi haɗin a can.

Hanya mafi sauƙi ita ce a gajarta tazarar. Tiransmitar nan mai kama da faifai da ake ɗaurawa cikin kan sensa tana rage wayar zuwa taƙi ɗaya. Wadda ake maƙalawa a layin DIN cikin fanel ta fi sauƙin kaiwa gare ta, kuma ta fi dacewa inda kan sensa ke shan tururi ko girgiza, amma ita ce ke buƙatar waya uku ko huɗu na kirki. Lambobin taminal sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Ka bi zanen da ke jikin taka, ko da ka haɗa ɗari a baya.

Zagayen miliam 4 zuwa 20

Tiransmita mai waya biyu a gefen mafitarta tana cin wutarta ne daga zagayen da take aika saƙo a kansa. Daga gefen + na wutar bolt 24 zuwa alamar + ta tiransmita, daga alamar − zuwa mashigar katin PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, daga katin a koma gefen − na wutar. Ka tabbatar ko katin naka yana ba da wuta da kansa. Idan yana bayarwa, kada ka ƙara wata wutar daga waje.

Yi lissafin kaya kafin ka kunna. A ce takardar tiransmita ta ce tana buƙatar aƙalla bolt 12 a bakinta. Saura bolt 12 daga cikin 24. Raba da am 0.021, wato karan na lokacin ƙararrawa, ka samu kusan om 570. Duk abin da ke cikin zagayen, kati da waya da allon nuni da rizista, kada jimlarsu ta wuce haka. Alamar an wuce tana da ruɗarwa: karatu daidai a ƙasa, amma idan zafi ya hau sai ya tsaya a wani wuri ya ƙi gaba.

Kebul ya zama murɗaɗɗe mai raga, a haɗa ragar da ƙasa a gefe ɗaya kawai, yawanci a fanel. Kada ya kwana a tire ɗaya da wayoyin motar lantarki mai juya inji ko na na'urar sauya gudun mota. In dole su gamu, su gitta juna.

Saiti

Tiransmitoci iri uku ne a nan. Akwai masu HART, wato hanyar magana da tiransmita ta kan wayar karan ɗin, akwai waɗanda ake saitawa da kebul na USB da manhajar kamfanin, akwai kuma tsofaffi masu ƙananan makunnai da sukurori biyu na ziro da sifan. HART yana ɗora sauti biyu, hatz 1,200 da 2,200, a kan karan ɗin, kuma ba ya jin magana sai akwai turjiya a zagayen, aƙalla om 230. Shi ya sa ake sa rizistar om 250, wadda kuma take mayar da miliam 4 zuwa 20 ya zama bolt 1 zuwa 5. Ka maƙala na'urar da ake saitin HART da ita a kan rizistar ko a bakin tiransmita. A bakin wutar ba za ta ji komai ba.

Kafin ka canza komai, ka karanta saitin da ke ciki ka ajiye. Sannan ka shigar da irin sensa, Pt100 385, da yawan wayoyi, da ma'auni. Sabuwar tiransmita takan zo da saitin kamfani, kuma ba lallai ya dace da naka ba. Ƙasan iyaka, wanda menu ke kira LRV, ka sa 0. Saman iyaka, URV, ka sa 100. Kada ka buɗe iyakar fiye da bukata. Wanda ya sa 0 zuwa 600 a tankin da ba ya wuce 70 ya matse duk aikinsa cikin ƙasa da miliam biyu. Amma ka bar sarari sama da wurin aiki, domin a ga zafi idan ya zarce.

Damfin yana lafar da rawar karatu. Ga babban tanki daƙiƙa biyu zuwa biyar ba laifi. Idan sai ka kai shi talatin karatu ke tsayawa, akwai hayaniya a wayarka, ka je ka nemo ta. In akwai zaɓin tace hayaniyar wutar gari, ka sa hatz 50, shi ne na Najeriya da Nijar.

Sai abin da tiransmita za ta yi idan sensa ta tsinke. Shawara mai lamba NE 43 ta NAMUR, ƙungiyar masu amfani da kayan sarrafa masana'antu da ke Jamus, ta ware miliam 3.8 zuwa 20.5 don karatu, sannan 3.6 zuwa ƙasa ko 21 zuwa sama don nuna lalacewa. Zaɓin ba na ado ba ne. Ka tambayi kanka abin da kwantirola zai yi da adadin. A tankinmu, idan karan ya faɗi ƙasa, zai ɗauka ruwa ya huce ya buɗe tururi gaba ɗaya. Don haka sama za a zaɓa, ya ɗauka zafi ya yi yawa ya rufe. Kuma a gaya wa PLC ya gane miliam 21 a matsayin lalacewa, ya buga ƙararrawa.

Za ka iya cin karo da gurbin Callendar–Van Dusen a menu. William Siemens ne ya kawo shawarar auna zafi da filatinam a 1871, Hugh Callendar kuma ya daidaita lissafin a 1887, shi ya sa sunansa ke nan har yau. Gurbin na sensar da aka gwada ita kaɗai ne aka ba ta takardar lambobinta. Idan taka ba ta zo da irin wannan takarda ba, ka wuce shi.

Abu na ƙarshe a saiti, wanda aka fi mantawa: iyakar da ke cikin PLC ta zama daidai da ta tiransmita. Karan ba ya ɗauke da digiri, kaso kawai yake faɗa. A katunan Siemens, miliam 4 zuwa 20 yana zama 0 zuwa 27648, kuma mai rubuta shirin ne ke cewa 27648 digiri nawa ne. Tiransmita a kan 0 zuwa 100, PLC a kan 0 zuwa 150, sai ruwa mai digiri 65 ya bayyana a allo kusan 97.

Gwaji

A raba gwajin gida biyu, domin a san wanda ya yi laifi. Da farko mafita. Sa mitar miliam a jere cikin zagayen, ka umarci tiransmita ta fitar da miliam 4, sannan 12, sannan 20. Mita ta nuna haka, allo kuma ya nuna 0, 50 da 100. Idan mita ta yarda allo ya ƙi, matsalar tana PLC.

Sannan mashiga. Cire sensa, ka sa akwatin rizista ko na'urar kwaikwayon sensa a gurbinta, da yawan wayoyin da ka saita. Bar tiransmita ta yi 'yan mintoci a kunne, sai ka bi waɗannan:

om 100.00, digiri 0, miliam 4
om 109.73, digiri 25, miliam 8
om 119.40, digiri 50, miliam 12
om 128.99, digiri 75, miliam 16
om 138.51, digiri 100, miliam 20

Ka hau, ka sauko. Ka ƙara wurin aikinka: digiri 65 om 125.16 ne, miliam 14.4. Daga nan ka zare waya ɗaya ka ga karan ya tafi inda ka zaɓa. Wanda ba shi da akwati zai iya amfani da rizistar om 100 mai ingancin kashi 0.1 cikin ɗari don duba sifili. Ta kashi 1 cikin ɗari ba ta da amfani a nan, domin om ɗaya da za ta iya kaucewa da shi digiri 2.6 ne.

Sai idan tiransmita ta kauce a wannan gwaji ne ake gyara ta. A mai sukurori, sa om 100 ka juya ziro har miliam 4, sa 138.51 ka juya sifan har 20, ka koma ka sake, domin kowanne yana ɗan taɓa ɗan'uwansa. A mai HART gyaran mafita daban, gyaran mashiga daban, kuma kada ka yi ko ɗaya da mitar da ba ta kai tiransmitar inganci ba. Ban ga amfanin juya ziro don allo ya yi daidai da wani agogon zafi mai allura da ke jikin tanki ba. Ba ka san wanne ne mai gaskiya ba, kuma idan laifin waya ne, ka binne shi ne kawai har ranar da za a canza sensa.

Don gwada sensa da tiransmita tare, a daka ƙanƙarar ruwa mai tsabta a cika fulas, a zuba ruwa kaɗan ya cike tsakaninta, a juya, a tsoma sensa da zurfi ba ta taɓa gindi ba. Wannan digiri 0 ne abin dogaro. Tafasasshen ruwa kuwa ba digiri 100 ba ne sai a gaɓar teku. Yana raguwa da kusan digiri ɗaya a kowace mita 300 ta tudu, don haka a Kano wajen 98.5 yake tafasa, a Jos kuma wajen 96. Wanda ya saita sifan da tukunya a Jos ya ce 100 ne, ya shigar da kuskuren digiri huɗu da hannunsa.

Ga mai son ƙera tasa

Ɗalibai da masu gyaran allo sukan haɗu da XTR105, guntun lantarki na kamfanin Texas Instruments da ake ƙera tiransmita da shi. Yana da maɓuɓɓugar karan guda biyu masu miliam 0.8 kowanne. Ɗaya yana bi ta sensa, ɗaya ta rizistar da ake kira RZ, wadda ake zaɓa daidai da turjiyar sensa a ƙasan iyaka, wato om 100 a misalinmu. Bambancin boltejin biyu shi ake ƙarfafawa, kuma RG ce ke yanke yawan ƙarfin: karan da ke fita daidai yake da boltejin shiga sau jimlar 0.016 da 40 bisa RG, a ƙara miliam 4. A digiri 100 bambancin om 38.51 ne, sau miliam 0.8 ya ba da milibolt 30.8, kuma don wannan ya haifar da miliam 16, RG za ta faɗo kusa da om 80. Akwai kuma RLIN1, wajen kilo-om 33 a wannan iyaka, mai miƙe ɗan lanƙwasar filatinam. Ka lura a jerin sama cewa digiri 50 om 119.40 ne, ba 119.25 da miƙaƙƙen layi zai bayar ba. RZ da RG su zama na kashi 0.1 cikin ɗari, a kuma sa tiransistar waje da takardar ta nuna, domin zafin karan ya tsaya a kanta. Idan nisa babu kuma ƙaramin allon kwamfuta na Arduino za a kai wa karatun, guntun MAX31865 mai karanta sensar kai tsaye ya fi sauƙi, sai dai a duba rizistar ma'auni da ke kan allon: om 430 ta Pt100 ce, 4,300 ta Pt1000.

Mayar da sensa wurinta

Sensa ta shiga kubenta, wato bututun kariya da ke jikin tanki, har bakinta ya taɓa gindi, kuben kuma ya nutse cikin ruwan aƙalla ninki goma na kaurinsa. In ya gaza haka, jikin ƙarfen zai riƙa janye zafi zuwa waje, karatu ya yi ƙasa, kuma babu saitin da zai gyara wannan. A ɗaure maƙogwaron kebul sosai, a bar kebul ya ɗan sauka ƙasa kafin ya hau ya shiga kan sensa, domin ruwan damina ya ɗiga a waje. Robar murfi ta zauna daidai saboda ƙurar hunturu. Kan da ke cikin rana a yi masa 'yar inuwa.

Bayan an mayar da bawul kan sarrafa kansa, ka tsaya ka ga zagaye ɗaya na aiki. Karatun da ya fi gaskiya da adadi ɗaya a ko'ina yana nuna waya ko taminal. Wanda kuskurensa ke girma tare da zafi yana nuna alfa ko iyakar PLC. Wanda ke tsalle duk lokacin da babbar motar lantarki ta tashi yana nuna raga ko hanyar kebul. In komai ya zauna, ka kulle saitin da makunnin hana rubutu idan akwai, ka rubuta irin sensa, yawan waya, iyaka, gefen ƙararrawa da ranar gwaji a takarda, ka manna ta a cikin ƙofar fanel.